Kabad ɗin kayan sauti a Kano: katako, MDF ko filawud, wanne zai kai ka damina uku?

A falon mahaifinmu a Gwammaja akwai wani dogon akwati mai ƙafa huɗu da muka taso muka tarar, rediyogiram ƙirar Grundig. Idan aka ɗaga murfin sama sai ga garmaho, a gaba rediyo mai allura da ke haske launin ruwan zuma, dama da hagu kuma lasifika biyu a ɓoye bayan wani yadi mai saƙar zinare. Yaro bai isa ya taɓa ba. Injinsa ya mutu tun muna firamare, akwatin ya koma mazaunin filas ɗin shayi da kwanukan baƙi, daga bisani gara ta shigo masa ta ƙafar da ke jingine da bango ta gama da shi. Amma siffarsa ba ta bar kaina ba. Da na yi aure na tara 'yan komatsaina, tsohuwar amfilifaya, sifiku biyu, na'urar kaset da wani garmahon gwanjo, sai duk suka zube a kan kafet, wayoyi sun harɗe kamar taliyar da ta kwana. Uwargida ta yi haƙuri wata uku, sannan ta ce ko dai a yi musu wurin zama, ko su koma shago.

Sau biyu na yi kabad ɗin. Na farko ya lalace cikin shekara biyu, na biyu yana nan har yau. Abin da ke tsakanin su biyun shi nake so in shimfiɗa wa wanda ke da wannan niyya kuma aljihunsa bai da nauyi.

Tambayar farko ita ce ko ma ya dace a ƙera. Ga teburan talabijin nan jibge a shagunan kayan ɗaki, masu sheƙi, an gama komai, sai dai ka biya ka ɗora a adaidaita sahu. Matsalarsu ita ce ba don kayan sauti aka yi su ba. Yawancinsu faɗinsu daga gaba zuwa baya bai wuce santimita 30 zuwa 35 ba, don talabijin ɗin yanzu falle ne kamar allo. Ita kuwa amfilifaya irin ta da, ta Pioneer ko Technics ko Kenwood, faɗinta santimita 43 ne, zurfinta kan kai 30 zuwa 38, ban da kawunan wayoyi da ke fitowa ta baya. Ka tura ta ciki, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ga baya a toshe da siririn allo babu ko huda, zafi bai da hanyar fita. Wanda kayansa ƙaramin akwatin Bluetooth ne da dikoda, to ya sayi na kanti ya huta, babu dalilin wahalar da kai. Wanda kuma ya ci sa'ar samun tsohon akwatin rediyogiram a gidan kakanni bai ruɓe ba, ya riƙe shi gam, ya cire mataccen injin ya zuba sabo, don aikin katakon wancan zamani ba za ka iya biyan kuɗinsa yau ba. Sauranmu sai ƙira.

Kuma ƙira a Kano da abokan gaba huɗu ake yin ta: bushewar hunturu, laimar damina da ruwan goge ɗaki, gara, da zafin bazara. Kowane irin allo akwai wanda yake tsoro a cikinsu.

Mu fara da katako na ainihi, tunda shi zuciya ke fara so. A 'Yan Katako na Na'ibawa za ka ga madaci, wanda kafintoci ke kira mahogani, ja mai nauyi mai kyan ido idan ya sha man goge. Akwai iroko, wanda gara ba ta cika son sa ba. Akwai afara da obece, farare marasa nauyi masu saukin kuɗi da saukin yanka, amma ƙwaro na son su kamar yaro da alewa. Akwai malaina, ita ma fara, tsaka-tsaki. Idan kyau ake magana babu abin da ya kama ƙafar madaci. Sai dai yawancin falankan nan daga kudu ko tsakiyar ƙasa ake kawo su, daga inda iska ke ɗauke da ruwa, kuma sau da yawa ba su gama bushewa ba ake sauke su. Katako kuwa numfashi yake yi: ya sha laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba. A watan Janairu laimar iskar Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, lokacin da leɓe ke tsagewa, diddige na fasowa. Abin da hunturu ke yi wa diddigenka shi yake yi wa falanki. Saman kabad mai faɗin santimita 40 da aka haɗa da ɗanyen katako a watan Agusta, kafin Fabrairu ya iya rasa kusan santimita guda, ya buɗe baki a wurin haɗi, ko ya lanƙwashe kamar kwale-kwale. Duk wanda ƙofar ɗakinsa ke cijewa da damina ta kuma yi sako-sako da rani ya san zancen.

Wannan bai sa a jefar da katako ba. Abin da yake bukata haƙuri ne da kafinta masani. A saye shi da wuri, a jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya ci hunturu guda cur kafin zarto ya taɓa shi. A kuma haɗa shi ta yadda zai samu wurin motsi, ba a daddanne shi da ƙusa ta ko'ina ba. Mai ƙaramin kuɗi da gaggawa ba shi da ɗayan biyun. Shi ya sa a wurina katako na ainihi na ƙafafu ne, da gewayen baki, da marikin ƙofa: wuraren da ido ke sauka, waɗanda falanki ɗaya ya ishe su.

Sai MDF, wanda shi ne ya mamaye kayan ɗakin amare yanzu, tare da ɗan'uwansa da ake kira HDF a kasuwa, mai rufin fata mai zanen katako ko fari fes. Garin katako ne aka cakuɗa da gam aka danne da inji. Ba shi da jijiya, don haka hunturu ba ya murɗa shi, kuma samansa sumul yake kamar gilashi. Yana da wata falala da ta shafe mu kai tsaye: nauyinsa da mutuwar jikinsa sun sa ba ya amsa sauti, ka ƙwanƙwasa ka ji dum, babu ƙara. Shi ya sa kamfanonin sifika na duniya da shi suke yin akwatunansu. Kuma ya zo da adonsa, ba sai ka sayi fenti ko man goge ba, sai dai a liƙa tef a bakin da aka yanka. Idan aka yi lissafin kuɗi tun daga saye har gamawa, sau da yawa shi ke fitowa da sauƙi.

Da shi na yi kabad ɗina na farko, kuma ranar da aka kawo har maƙwabta sun shigo kallo. Kafintan ya zaunar da shi kai tsaye a kan tayil, babu ƙafa, wai ya fi kama da na Turai. Na ce masa, “Malam, ruwan goge ɗaki fa?” Ya ce, “Haba Alhaji, ai wannan allon ba ya jin ruwa, ka ga fatarsa?” Fatar kam ba ta jin ruwa. Amma bakin allon da ke kallon ƙasa bai liƙa masa tef ba, tunda ba a gani. Kullum da safe tsumman goge-goge ya lashi gindinsa. Cikin wata takwas sai ƙasan ya fara tashi kamar burodin da aka tsoma a shayi, fatar ta ɗago, na sa farce sai gari ya zubo. MDF idan ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, ko ka shanya shi a rana kwana goma. Abin da ya ƙarasa shi tashin gida ne. Falle ɗaya mai kaurin milimita 18 nauyinsa ya kusa kilo 40, ga kabad ɗin falle biyu ya ci. Samari huɗu suka ɗaga, da suka zo kwanar ƙofa sai sukurorin gefe guda suka zare daga cikin allon, suka fito da gari a jikinsu. Sukuru a bakin MDF sau ɗaya yake kamawa da gaske. Ka kwance ka mayar, ya zama ado. Na gudu daga katako don tsoron hunturu, ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Akwai kuma wani allo da ya fi MDF araha, wanda idan ka dubi bakinsa za ka ga ɓarɓashin katako manya-manya kamar dusar gero. Da fata a kai ba za ka bambance su ba, kuma wasu da shi suke cika wuraren da ba a gani. Wannan ba na ma saka shi a lissafi. Ka ce a nuna maka bakin yanka kafin ka biya.

Filawud shi ne siraran fallayen katako da aka jera, kowane ɗaya jijiyarsa ta gitta ta na ƙasansa, aka manne. Wannan gittawar ita ce sirrinsa: wani falle na son tsukewa ta nan, na kusa da shi ya riƙe shi. Don haka hunturu ba ya tsaga shi kamar falanki, ruwa kaɗan ba ya narkar da shi kamar MDF, yana riƙe sukuru, kuma ya fi MDF rashin nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga mai zaman haya, wanda bai san inda baɗi za ta same shi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aibunsa biyu. Na ɗaya, filawud suna ne da ya tara na kirki da na banza. Akwai wanda cikinsa ramuka ne da farin katako mai laushi, fuskarsa siririya kamar takarda, ka goga samfefa sau biyu ka huda ta. Idan ka je saye, ka tsuguna ka ƙirga layukan da ke bakinsa: mai layi da yawa, madaidaita, babu rami a tsakani, shi ne naka. Ka ɗaga gefe guda ka hango tsawonsa da ido ɗaya, ka ga ko ya karkace. Ka kuma tafi da tef ɗin awo, don abin da ake kira tirikwata, wato milimita 18, wani lokaci 16 ne ko ƙasa. Na biyu, tsirara yake zuwa. Sai ka rufe bakinsa da siririn katako, ka goge, ka shafa masa mai ko fenti ko ka liƙa fomeka. Wannan ƙarin kuɗi ne da ƙarin kwanaki. Kuma gara na cin sa, don katako ne. Sai an shafa masa magani irin su Solignum ta ciki da ƙasa, a bar shi ya sha iska a tsakar gida har wari ya fita.

Idan za a tambaye ni, ga yadda nake raba su. Mai gidan kansa, a bene ko ɗaki mai busasshen daɓe, wanda zai ajiye kabad wuri ɗaya shekara goma, kuma ba ya son wahalar fenti, MDF mai fata ya yi masa, da sharaɗin a liƙa tef a kowane baki har wanda ba a gani, a kuma ɗora shi kan ƙafa. Mai haya, ko wanda ruwa kan shigo masa ta ƙarƙashin ƙofa a watan Agusta, ko mai yara masu zubar da kunu, filawud. Katako zalla kuwa sai mai haƙurin shekara guda.

To amma wurin da kuɗi ke tafiya ko ya tsaya ba ma irin allon ba ne. Awo ne. Kowane falle, na filawud ko na MDF, ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. Idan zurfin kabad ɗinka santimita 40 ne, falle ɗaya zai ba ka dogayen tsage uku, kowanne 40 da 244, ragowar santimita biyun nan bakin zarto ya cinye. Tsage na farko: sama mai tsawon 150, da gefe ɗaya mai 50. Na biyu: ƙasa, da ɗaya gefen. Na uku: rabe-raben ciki biyu da kantoci. Gangar jikin kabad gaba ɗaya ta fita daga falle guda, har da 'yan guntaye. Amma ka ce zurfin ya zama 45 kawai, don santimita biyar ɗin nan, tsage biyu kaɗai za ka samu, sai ka sayi falle na biyu, ka tashi da tulin ragowa da kafinta zai yi wa wani benci da shi. Wannan kuskuren na yi a karon farko. Ban zana komai ba, na nuna hoto a waya na ce a yi min irinsa.

Wani zai ce amfilifayarsa zurfinta 38, ina wayoyi za su shiga a cikin 40? Amsar ita ce kada a rufe bayan sashen tsakiya. A bar shi a buɗe, a matso da kabad ɗin daga bango kamar faɗin tafin hannu. Wayoyi sun samu hanya, zafi ya samu mafita, gara ba ta samu gadar hawowa daga bango ba. Sai dai buɗaɗɗen baya gayyata ce ga ƙura da ɓera da kyankyaso, kuma ɗumin amfilifaya ɗakin kwana ne a wurinsu. Ni ragar sauro ta ƙarfe irin ta taga na ɗaura a kan siririn firam, na kama shi da sukurori huɗu, na huda wurin wayoyi. Ba ta hana garin ƙurar hunturu shiga, babu abin da ke hana shi a garin nan, amma tana tare masu ƙafa. Ƙofar gilashi a gaba tana da kyau, tana rage ƙura, kuma rimot na aiki ta cikinta, sai dai kada a haɗa ta da rufaffen baya. A watan Afrilu, zafin gari ya haura digiri 40, ka kulle tsohuwar amfilifaya a akwati marar iska, dafa ta kake yi. A bar mata akalla santimita 8 zuwa 10 a samanta.

Sai zancen da ya fi raba kan masu wannan sha'awa: sifiku a jikin kabad, ko a waje?

Na jiki shi ne siffar rediyogiram ta asali. Abu ɗaya ne dunƙule, babu waya a ƙasa, yara ba su da abin turewa. Kuma ya fi araha idan za ka sayi kawunan lasifika zalla a Sabon Gari, inci 6 da rabi ko inci 8, ka huda allo ka ɗaura. Amma kan lasifika ba a ɗaura shi haka kawai a rami. Yana bukatar ɗakinsa rufaffe ruf, kowace kafa an toshe da gam, an cusa masa audugar matashi a ciki, kuma girman ɗakin ya dace da shi. Mai inci 8 yakan so wajen lita 20 zuwa 30. In ba haka ba iskar baya ta zagayo ta kashe ta gaba, ka ji murya babu gindi. Sannan duk bugun da ya yi, gangar jikin kabad ɗin ce ke karɓa. Ƙofar gilashi ta kama rawa, hinji ya kama kuka. Idan kuma akwai garmaho a sama, allurarsa ta tsinci girgizar ta mayar wa amfilifaya, ita kuma ta ƙara ta ta mayar wa sifika, sai ka ji wani gurnani yana tashi kamar jirgi zai sauka. Ga kuma tazara: a kabad mai tsawon santimita 150, tsakanin sifikun bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, alhali raba sauti dama da hagu ya fi fitowa idan tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da wadda ke tsakaninka da su. Daga kujerar da ke nesa da mita uku, kusan kamar daga wuri ɗaya sautin ke zuwa.

Na waje sun fi daɗin ji, babu gardama. Ka raba su yadda kake so, ka ɗaga su daidai kunne. Amma sun ci wuri, ga wayoyi, kuma dalilin yin kabad ɗin tun farko, wato zaman lafiya da uwargida, ya tafi.

Ni tsakiya na bi. Na bar ɗaki a kowane ƙarshen kabad ɗin, na tura ƙananan sifikuna da akwatinsu a ciki, kowacce a kan soso mai kaurin yatsa biyu, ba ta taɓa gefe ko sama ba, fuskarta daidai da bakin kabad. Na cika ratar da ragowar soson katifa don kada ɗakin ya yi amo. A gaba na yi firam na ja masa yadi. Yadin a Kantin Kwari na samo shi, kuma ga yadda ake zaɓa: ka kara shi a baki ka hura, idan iska ta wuce ba tare da ka yi nishi ba, sauti ma zai wuce. Shadda ba ta yi, ta yi kauri. Daga waje rediyogiram ne sak. Ranar da nake son ji da gaske, sai in zaro su in raba su. Akwai kuma wani abu da littattafan masana sauti ba su lissafa da mu ba: suna cewa sifika a ƙasa-ƙasa kuskure ne don ba ta kai kunne ba, amma su a kujera suke tunani. A falonmu rabin zaman a kan kafet ake yi, an jingina da tuntu. Sifikar da ke tsayin gwiwa daidai kunnen mai zaman ƙasa take.

Abin da za a zuba a ciki ma yana canza girman kabad, don haka a yanke shawararsa kafin a yanka allo. Tsohuwar amfilifayar gwanjo ta Japan tana da murya mai kauri da kwarjini, kuma galibi tana da mashigar garmaho a jikinta. Amma tana da nauyi, tana zafi, kusan rabin wutar da ta ja zafi take zama, kuma da an ɗauke wuta ta yi shiru sai da inbata. A duba bayanta da kyau kafin a jona: wutarmu bolt 230 ce, kayan da aka yi don kasuwar Japan na bolt 100 ne, na Amurka 120. Ka soka kai tsaye, hayaƙi ne zai amsa maka. Sai da taransifoma mai rage wuta, ita ma ta nemi wurin zama a kabad ɗin, nesa da garmaho don kada ta sa masa gunji. Garmahon Amurka mai tsohon injin juya faifai yana da wata matsalar ta daban: an yi shi don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 50 ce, don haka faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti sai ya yi kusan 28, mawaƙi ya koma kamar wanda bai karya ba. Taransifoma ba ta gyara wannan.

A ɗaya gefen akwai 'yan ƙananan allunan amfilifaya na zamani, irin masu lambar TPA3116, girman tafin hannu, wasu da Bluetooth a jiki. Kusan kashi 90 na wutar da suka ja sifika take isa, don haka da ƙyar suke ɗumi. Suna aiki da bolt 12 zuwa 24: tsohuwar cajar kwamfuta mai bolt 19 ta ishe su, batirin sola ma haka. A bolt 12 za su ba ka wajen wat 15 kowane gefe, wanda ya fi ƙarfin falo. Ba su da kwarjini, ba kuma su da rediyo ko mashigar garmaho, sai ka ƙara musu. Hanya ta uku ita ce rediyon mota, wanda na ga samari da dama suna yi kuma ban raina ba: rami mai santimita 18 da 5 kawai yake bukata, ga FM, ga filash, ga Bluetooth, ga bolt 12. Abin da aka rubuta a kwali na wat 50 sau huɗu kada ya ruɗe ka, abin da yake bayarwa ba tare da murya ta dagule ba bai kai rabin haka ba. Kuma a guji wanda aka ciro daga motar kasuwar Japan, don zangon FM ɗinsa kan tsaya a wajen 90, ba zai kamo maka Freedom Radio a 99.5 ba. Ga gidan da sola ce ke riƙe da dare, ni na fi karkata ga ƙaramin allon nan ko rediyon mota. Tsohuwar amfilifaya ta mai sha'awa ce, kuma na yarda ni ina cikinsu, shi ya sa na ajiye duka biyu a kanta ɗaya da maɓallin sauya sifika.

Mai faifan garmaho ya sani cewa kwalinsa santimita 31 da rabi ne kowane gefe, don haka ɗakinsa ya kai 33 a tsaye. A tsaye ake jera su, ba a kwance ba, kuma nesa da amfilifaya da taga, don zafi na lanƙwasa su kamar gurasa. Faifai 70 nauyinsu ya kusa kilo 15, saboda haka kantarsu ta zauna a ƙasan kabad. Kantar MDF da ta wuce santimita 60 ba tare da madogara ba, a hankali za ta yi ciki.

Ƙafafu kuwa, bayan abin da ya same ni, ba na sassauci a kansu. Na katako sun fi kama da na da, amma ta nan gara ta shiga wa na mahaifinmu. Na je wurin mai walda da guntun bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da na saya a Ƙofar Ruwa, ya yi min firam mai tsayin santimita 15 da ƙafa biyar, ta biyar a tsakiya don kada dogon jikin ya sunkuya, na fesa masa baƙin fenti, na sa robar ƙafar kujera a ƙasa. Tsintsiya na shiga, tsumma na shiga, ruwa bai isa allo ba.

Wa zai yi aikin? Yanka falle da zarton hannu a tsakar gida, in ba sana'arka ba ce, asarar allo ce: layin zai karkace, fatar MDF ta ɓantare. Miƙa wa kafinta komai da hoto a waya kuma na gaya muku inda ya kai ni. A karo na biyu na auna kowace na'ura da tef, har da tsayin murfin garmaho idan an ɗaga shi, na zana falle a takarda na rubuta awon kowane yanki da lamba. A inda ake sayar da allo akwai masu injin yanka, na ba su takardar, na tsaya a kansu har aka gama, na rubuta lambar kowane yanki a jikinsa da fensir. Sannan na ɗauki wani dattijon kafinta na unguwarmu aikin yini biyu, na ce masa gam da sukuru nake so, ban da ƙusa. Ya dubi takardar ya daɗe, ya ce, “Ɗana, wa ya zana maka wannan?” Na ce ni ne, Baba. Ya ɗauki fensir ya rage wa allon ƙasa santimita uku da ɗigo shida, kaurin gefuna biyu da na manta ban cire ba, bai ce komai ba.

Man gogen ni na shafa da kaina, a ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauko. Da damina ba ya bushewa da wuri, da hunturu kuwa ƙura na manne masa tun yana ɗanye, ka shafa hannu ka ji kamar samfefa. Na kulle ɗaki, na yayyafa ruwa a daɓe don ƙura ta kwanta, na shafa sau uku siriri-siriri, ina gogewa da samfefa mai laushi a tsakani. Bakin gaba na rufe shi da siririn madaci daga falanki ɗaya tal, wanda ya kwana shekara a rufin shagon dattijon nan, kuma duk wanda ya shigo falon shi yake fara shafawa ya tambaya ko duka kabad ɗin madaci ne. Filas ɗin shayi dai na hana a ɗora a kai. Ana ɗorawa idan na fita.